Spurgeon, Yariman Masu Wa'azi Na Ingila, Da Littattafansa Na Safe Da Yamma

Ran Lahadi 19 ga watan Oktoba na shekarar 1856, tun kafin rana ta faɗi, hanyoyin da suka nufi lambun Surrey a kudancin birnin Landan suka cika maƙil da mutane. Gidan da suka dosa don kiɗa da waƙa aka gina shi, amma ran nan wa'azi za a yi a ciki. Mai wa'azin kuwa wani saurayi ne ɗan shekara 22, ana kiransa Charles Haddon Spurgeon. Majami'arsa ta yi wa masu saurarensa kaɗan, shi ya sa dattawanta suka yi hayar wannan katafaren gida mai hawa bisa hawa. Mutum fiye da 10,000 suka sami shiga, waɗansu dubbai kuma suka yi cirko-cirko a waje don rashin wuri.

Aka yi waƙa, aka karanta Littafi, saurayin ya fara addu'a, wuri ya yi tsit. Kwaram sai waɗansu suka ƙwala ihu daga cikin taro, suna cewa gobara ta tashi, bene zai rufto. Alhali babu wuta, babu kuma abin da ya sami bene. Kafin a tantance, jama'a sun ɗimauce, kowa ya yi ta kansa. Aka yi ta turereniya a matakala, mutane suna faɗawa bisa juna ana tattake su. Mutum 7 suka mutu, aka kwashi 28 zuwa asibiti da munanan raunuka. Har yau ba a san waɗanda suka yi wannan ihu ba.

Daga kan mumbari Spurgeon ba ya iya hangen matakala, saboda haka bai san an yi asarar rai ba. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kwantar wa mutane da hankali, daga baya ya sallame su, aka fita da shi ranga-ranga. Da gari ya waye waɗansu jaridun Landan suka yi masa ca, suka ɗora masa alhakin mutuwar. Ga shi kuwa wata ɗaya ke nan da matarsa ta haifa masa tagwaye. Abokansa suka ɗauke shi suka kai gidan wani dattijon majami'a a bayan gari, ya kwana biyu yana kuka, har ganin Littafi Mai Tsarki ma sai ya tayar masa da hankali.

Wannan mutum shi ne Turawa suka yi wa laƙabi daga baya da Yariman Masu Wa'azi. Littattafansa na ibada har yanzu ana buga su, ana karanta su a gidajen Kirista da safe da yamma a ƙasashe masu yawa. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa suka daɗe haka, ya kamata ya riƙe labarin wannan dare a ransa, gama mai lallashin da ke cikinsu shi kansa ya daɗe yana bukatar lallashi.

Asalinsa

An haifi Spurgeon ran 19 ga watan Yuni 1834 a ƙauyen Kelvedon, cikin lardin Essex na ƙasar Ingila. Ubansa John da kakansa James duk masu wa'azi ne na Furotesta, watau Kiristocin da magabatansu suka rabu da ɗarikar Katolika ta Roma a ƙarni na 16. Ko a cikin Furotesta ma, gidansu ba ya bin Cocin Ingila wanda sarauta ke riƙe da shi. Suna cikin ƙananan majami'u masu zaman kansu, waɗanda a zamanin nan manyan gari ke yi wa kallon raini.

Tun yana ɗan ƙarami aka kai shi riƙo wurin kakansa a ƙauyen Stambourne. A gidan akwai wani ɗaki mai duhu cike da tsofaffin littattafan malaman ƙarni na 17, yaron ya mai da shi wurin wasansa. A nan ya fara karanta littafin John Bunyan mai ba da labarin tafiyar wani matafiyi zuwa birnin sama, wanda daga baya ya ce ya karanta shi fiye da sau 100.

Duk da haka, da ya tasa sai damuwa ta kama shi game da zunubinsa da makomarsa. Ran Lahadi 6 ga watan Janairu 1850, yana ɗan shekara 15, ya fita zuwa sujada a garin Colchester, dusar ƙanƙara ta tare masa hanya, ya ratse ya shiga wata 'yar majami'ar Metodis. Mutanen ciki ba su wuce goma sha ba, mai wa'azin ranar ma bai sami isowa ba. Sai wani siririn mutum marar ilmi mai zurfi, ko baduku ko tela, ya hau mumbari ya ɗauko aya ta 22 daga sura ta 45 ta littafin Annabi Ishaya, inda ake kiran mutane su mai da dubansu ga Ubangiji. Bayan kamar minti goma magana ta ƙare masa. Kamar yadda Spurgeon ya ba da labari, sai mutumin ya kafa masa ido, ya ce masa ya ga alamar yana cikin baƙin ciki, kuma ba zai rabu da shi ba sai ya bi abin da ayar ta faɗa. Spurgeon ya ce nan take nauyin da ke ransa ya sauka. Wannan ya zama darasin da ya riƙe har mutuwarsa: aya ɗaya, da magana mai sauƙi, a faɗa wa mutum ɗaya kai tsaye.

Cikin watan Mayu na wannan shekara aka yi masa baftisma a kogin Lark, ya shiga ɗarikar Baftis, waɗanda ba sa yi wa jarirai baftisma sai wanda ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa.

Daga Ƙauye Zuwa Landan

Ya koma Kambirij yana koyarwa a wata makaranta, yana fita ƙauyuka wa'azi. A 1851, yana ɗan shekara 17, mutanen ƙauyen Waterbeach suka ɗauke shi faston majami'arsu mai rufin ciyawa. Cikin shekara biyu 'yan mutanen da ya tarar suka zama ɗaruruwa.

A wannan lokaci ne aka shirya masa ganawa da Dokta Joseph Angus, shugaban wata kwalejin horar da fastoci, a gidan wani mai buga littattafai a Kambirij. Spurgeon ya zo a kan lokaci, 'yar aikin gidan ta kai shi wani ɗaki, ta manta ba ta gaya wa kowa ba. Ya zauna awa biyu yana jira, ashe Dokta Angus na wani ɗakin shi ma yana jira, har ya gaji ya tafi ya hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Spurgeon ya ɗauki wannan a matsayin nufin Allah, bai sake neman shiga kwaleji ba. Bai taɓa samun digiri ba, ba a kuma taɓa yi masa bikin naɗi ba. Iliminsa na karatun kansa ne, har sai da ya tara littattafai wajen 12,000 a gidansa.

A 1854 tsohuwar majami'ar New Park Street da ke Landan, wadda mutanenta suka ragu ƙwarai, ta kira shi. Yana ɗan shekara 19. A shekarar ce annobar kwalara ta faɗa wa unguwar, saurayin ya riƙa bi gida gida yana duba marasa lafiya, kusan kullum yana bakin kabari. Wa'azinsa kuwa ya sha bamban da wanda mutanen birni suka saba ji. Manyan limamai kan karanta abin da suka rubuta da Turanci mai wuya, shi kuwa yana magana da harshen 'yan kasuwa da leburori, yana kawo misalai da ban dariya, yana kai da kawowa a kan dandamali. Jaridu suka yi ta yi masa ba'a, suna zana shi, suna ce da shi ɗan wasan kwaikwayo marar ladabi. Amma dai itace mai 'ya'ya ake jifa. Jama'a suka yi ta ƙaruwa har aka kai ga hayar gidan kiɗa na lambun Surrey, inda masifar nan ta auku.

Mako biyu bayan masifar, ran 2 ga watan Nuwamba, ya sake hawa mumbari a majami'arsa yana rawar jiki. Majami'ar ta tara kuɗi don waɗanda abin ya shafa. Kafin watan ya ƙare ya koma gidan kiɗan, ya yi shekara uku yana wa'azi a can kowace safiyar Lahadi. Ran 7 ga watan Oktoba 1857 ya yi wa mutum 23,654 wa'azi a babban gidan gilashi na Crystal Palace, ba lasifika, sai ƙarfin murya. A watan Maris 1861 aka buɗe sabuwar majami'arsa, Metropolitan Tabernacle, mai kujerun mutum 5,000 da wurin tsayuwar waɗansu 1,000. Ta ci fam 31,000 da 'yan kai, aka kuwa buɗe ta ba a bin ta ko kwabo. Shekara 30 yana cika ta safe da yamma.

Wa'azin Kwabo

Da murya kaɗai ya dogara, da labarinsa ya tsaya a Landan. Tun watan Janairu 1855 maɗaba'ar Passmore da Alabaster ta fara buga wa'azinsa kowane mako, ana sayarwa kwabo ɗaya. Yakan shirya wa'azin safiyar Lahadi ran Asabar da dare, ya hau mumbari da 'yar takarda guda. Wani mai saurin rubutu yana ɗauka, ran Litinin Spurgeon ya gyara, ran Alhamis ya fito kasuwa. A tsakiyar shekarun 1860 ana sayar da wajen kwafi 25,000 a mako, ana kuma fassara shi cikin harsuna da yawa. Bayan rasuwarsa ma aka ci gaba da buga waɗanda ba su fita ba, sai a 1917 ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Farko ya tsai da aikin. Duka-duka wa'azi 3,561 ne cikin kundi 63.

Ba ko'ina aka karɓe shi hannu biyu ba. Da ya fito fili ya la'anci bautar da baƙar fata a Amurka, masu bayi na jihohin kudu suka fusata, har a 1860 aka tara littattafansa a birnin Montgomery na jihar Alabama aka cinna musu wuta. Cinikinsa a can ya faɗi, bai janye maganarsa ba. Daga baya wani mai suna Thomas Johnson, wanda ya yi shekara 28 cikin bauta a Bajiniya, ya yi karatu a kwalejin fastoci da Spurgeon ya kafa a 1856, ya tafi aikin mishan Kamaru a 1878. Ban da kwalejin, ya kafa gidan marayu a Stockwell a 1867 don yara maza, aka ƙara sashen mata a 1879.

Littattafan Safe Da Yamma

Wa'azi na taro ne. Amma Spurgeon ya san yawancin rayuwar mutum a wajen majami'a take, tsakanin tashi daga barci da komawa shimfiɗa. Don haka a 1865 ya kammala wani ɗan littafi mai suna Morning by Morning, watau safiya bayan safiya, a 1868 kuma ya fito da ɗan'uwansa Evening by Evening, na yamma. Daga baya aka haɗa su wuri ɗaya. Kowace rana ta shekara, har da 29 ga watan Fabrairu, tana da karatu biyu, jimla 732.

Tsarinsu mai sauƙi ne. A kan kowane shafi akwai aya, wani lokaci ma 'yan kalmomi uku ko huɗu daga cikin aya. A ƙarƙashinta sai bayani wanda bai wuce shafin ba, yadda magidanci zai iya karanta wa iyalinsa kafin a fita aiki, ko mai jinya ya karanta shi kaɗai. Ba ya jayayya da malamai a ciki, ba ya kuma nuna zurfin karatu. Wani lokaci ya yi magana da mai karatu kamar suna zaune tabarma ɗaya, wani lokaci ya juya ya yi wa ransa faɗa. Yana yawan ɗauko ayoyi daga Zabura da Waƙar Waƙoƙi, yana kuma tono waɗansu daga lungunan da mutane ba su cika leƙawa ba.

Ga misali, karatun yammacin 13 ga watan Janairu. Ya ɗauko shi daga littafin Sarakuna na biyu, labarin almajiran Annabi Elisha da suka je saran itace a bakin Kogin Urdun. Gatarin ɗayansu ya kwaɓe daga ƙota ya faɗa ruwa, ga shi kuwa na aro ne. Almajirin ya yi kuka ga annabin, ƙarfen ya taso bisa ruwa. Wani malami zai tsaya ne a kan mu'ujizar. Spurgeon kuwa ya tsaya a kan halin almajirin: kayan mutane ya salwanta a hannunsa, mutuncin almajiran annabin na shirin zubewa. Daga nan ya juya ga mai karatu wanda bashi ya yi wa katutu, ko aiki ya fi ƙarfinsa, ko wani nasa ya kangare, ya ce masa ya kai ƙararsa inda almajirin ya kai tasa. Haka yawancin shafukan suke, suna neman mutum a inda abin ke masa ciwo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga daren lambun Surrey baƙin ciki mai nauyi yakan taso masa lokaci lokaci, wani sa'in ba wani dalili, cunkoson jama'a kuma yakan tuna masa da abin da ya wuce. Tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ciwon gaɓoɓi mai tsanani ya kama shi, daga baya ciwon ƙoda ya haɗu, har yakan yi makonni bai hau mumbari ba. Matarsa Susannah, wadda ya aura a watan Janairu 1856, ita ma ta kwanta jinya tun ƙarshen shekarun 1860, ta yi shekaru ba ta iya zuwa jin wa'azinsa. Daga kan gadonta ne a 1875 ta fara wani asusu na aika wa matalautan fastoci littattafai kyauta, da 'yan kuɗin da ta tara na littafi 100. Kafin rasuwarta a 1903 ta raba kusan 200,000.

A zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar irin wannan baƙin ciki alamar raunin bangaskiya, Spurgeon bai ɓoye nasa ba. Yakan faɗe shi a kan mumbari gaban dubbai. A cikin laccocin da ya yi wa ɗalibansa ya keɓe guda sukutum a kan karayar zuciyar mai wa'azi, ya lissafa musu abubuwan da ke jawo ta: rashin lafiya, yawan zama wuri ɗaya, gajiya bayan babban aiki, da cin amanar aboki. Magungunan da ya ba su kuwa har da hutu da shan iska a daji ko bakin teku, ban da addu'a.

Taskar Dawuda

Aikin da ya fi cin ƙarfinsa shi ne sharhin Zabura mai suna The Treasury of David, watau taskar Dawuda. Shekara 20 ya yi a kansa, ya kammala a 1885 cikin kundi 7. Kowace ɗaya daga cikin zabura 150 ya bi ta aya aya da bayaninsa, sa'an nan ya jero abin da malaman da suka faɗa a kanta, waɗanda shi da mataimakansa suka tono daga tsofaffin littattafai, daga ƙarshe ya ba masu wa'azin ƙauye shawarar yadda za su yi amfani da ita. Zabura ta 119 mai aya 176 ta tsare shi tsawon lokaci. A kan zaburorin kuka, irin ta 88 wadda ta ƙare ba tare da wata kalmar farin ciki ba, alƙalaminsa ya fi nuna sanin abin da ake faɗa, inda ya bayyana cewa ciwon zuciya kan kai zurfin da na jiki ba ya kaiwa.

Rigimar Ƙarshe

Spurgeon mutum ne mai kaifin harshe idan aka taɓa aƙida. A 1864 ya yi wa limaman Cocin Ingila kaca-kaca a kan koyarwarsu ta baftismar jarirai, ya ɓata da abokai da yawa. Maganganunsa a kan Katolika ma masu zafi ne ƙwarai. Amma rigimar da ta fi cinsa ta cikin gida ce. A 1887 mujallarsa ta wata-wata ta fara zargin cewa waɗansu fastocin Baftis sun saki tsohuwar koyarwa game da hurarren Littafi da mutuwar Almasihu don fansar masu zunubi, ta kwatanta su da masu bin gangara. Shugabannin ƙungiyar Baftis suka ce ya ambaci sunaye, ya ƙi. A watan Oktoba ya fita daga ƙungiyar, a watan Janairu 1888 majalisarta ta zartar da ƙudurin tsawata masa. Har waɗansu da ya koyar da hannunsa suka juya masa baya. Masu tarihi har yanzu sun rabu biyu, waɗansu na ganin ya hango abin da ke tafe, waɗansu na ganin bai kyauta ba da ya yi zargi bai kawo shaida a fili ba.

A tsakiyar wannan ɗaci ne ya rubuta wani littafinsa na karatun kullum, The Cheque Book of the Bank of Faith, wanda ya fito a 1888. Ya tattara alkawaran Allah daga Littafi, ɗaya ga kowace rana, ya kwatanta kowane da takardar cek. Mai cek ba ya rataye ta a bango yana sha'awar rubutunta. Sa hannu yake yi a bayanta, ya kai banki, ya jira a biya shi, in kuwa kwanan watan da ke jiki bai yi ba sai ya yi haƙuri. Shi kansa ya bayyana a gabatarwar littafin cewa cikin rigima da ciwo ya rubuta shi.

Rasuwarsa

Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a majami'arsa ran 7 ga watan Yuni 1891. Aka kai shi garin Menton a kudancin Faransa, inda ya saba zuwa gudun sanyin Landan, a wannan karo tare da matarsa. A can ya rasu ran 31 ga watan Janairu 1892, yana da shekara 57. Aka kawo gawarsa Landan, mutum wajen 60,000 suka bi layi suka wuce ta gaban akwatinsa, aka binne shi a maƙabartar Norwood ran 11 ga watan Fabrairu. Ya bar majami'a mai mutum fiye da 5,000.

Ginin da ya yi wa'azi a ciki ya ƙone a 1898, aka sake gina shi, bama-baman Jamus suka rushe shi a 1941, aka kuma gina shi, ginshiƙan ƙofar gaba ne suka rage daga na asali. Muryar nan da ta cika gidan gilashi ba a ɗauke ta a faifai ba, babu kuma wanda ya ji ta da ke raye. Ƙananan littattafan nan na safe da yamma kuwa ba a daina buga su ba. An sauƙaƙa tsohon Turancinsu don 'yan zamani, an sa su a intanet da wayoyin hannu, inda suke isa ga mutanen da ba su taɓa jin labarin lambun Surrey ba. Galibin masu buɗe su ba manyan malamai ba ne. Magidanta ne da matan aure da masu jinya, masu neman abin da za su riƙe daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana, kuma don irinsu aka rubuta su tun farko.